Babban kabine ko ƙarami: wa ke iya ce ma Alhaji a'a?



Ran nan cikin shirinmu na kasuwa wani bawan Allah ya bugo waya daga wajen Tasawa. Ɗan kasuwa ne, wake da aya yake saye yana tarawa a mangaza, in sun yi daraja ya fidda. Ya ce ya kai dosiye banki neman bashi, aka maido mishi, wai bilan ɗinsa ba ya ɗauke da sa hannun kabinen da suka sani. Tambayarsa: in ya daure ya biya wani babban kabine na Yamai abin da suke so, shi ke nan banki za ta ba shi kuɗin? Lokaci ya ƙure mana, teknisiyan yana ta yi mini alama ta bayan gilashi, na ba shi amsar da ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Na kwana da abin a rai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a nan, inda ba mai katse ni da talla.

Da farko mu raba mutum biyu da muke yawan haɗawa. Akwai kwantabil, wanda ke riƙe ma lissafi, ya shigar da faktir da rasit, ƙarshen shekara ya haɗa bilan. Akwai kuma wanda Faransanci ke kira commissaire aux comptes, mai binciken lissafi, wanda ke zuwa daga waje ya duba aikin na farko ya ce gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne. Kamar mai awo ne a kasuwar hatsi da wanda ke zuwa ya duba ko tiyar ba a bubbuge gindinta ba. In mutum ɗaya ne ke awo kuma shi ke duba tiya, kun san ba a duba komi ba.

Ba kowane kasuwanci doka ta ɗora ma wannan mai bincike ba. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar da aka sa ma hannu a Port-Louis a 1993, kuma dokarta ce ke aiki bisa kampanoninmu. Kampanin da yake SA dole ya zan da mai bincike, komi ƙanƙantarsa. SARL kuwa sai ta cika biyu daga cikin sharuɗɗa uku: jimillar bilan ta wuce miliyon 125 na sefa, cinikin shekara ya wuce miliyon 250, ko ma'aikata na dindindin su wuce 50. Kampanin da ke neman kuɗin jama'a a kasuwar hannun jari, kamar BOA Niger da ke BRVM ta Abijan, masu bincike biyu doka ta ce ya ɗauka. Can ƙasa kuma akwai ƙananan ƴan kasuwa: tun da sabon tsarin SYSCOHADA ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2018, mai saye da sayarwa da cinikinsa bai kai miliyon 60 a shekara ba yana iya riƙe lissafi mai sauƙi, na abin da ya shiga kes da abin da ya fita. Ga mai sana'ar hannu iyakar miliyon 40 ce, ga mai aikin hidima miliyon 30. Wato ita kanta doka ta yarda cewa girman kasuwanci shi ke faɗin irin lissafin da ya kamace shi.

To, mu koma ga maganar babban kabine. Masu cewa babba ya fi ba su rasa hujja ba. Wata malamar jami'a a Amurka, Linda DeAngelo, ta rubuta a 1981 cewa kabinen da ke da abokan hulɗa da yawa ya fi tsoron ɓata sunansa, don in ya rufe ma kampani ɗaya asiri aka gane, sauran duka za su gudu. Wanda ke da shanu ɗari ba ya shiga gonar mutane don saniya ɗaya ta ƙoshi. Ban da haka, babban kabine yana da mutanen da suka san banki daban, masu sanin inshora daban, masu duba kwamfuta daban, kuma dosiye ba ya fita sai wani na biyu ya sake bi. Wannan gaskiya ne, ba na musu. In ni ne shugaban banki ko kampanin haƙar ma'adini, ba zan ɗauki kabinen mutum ɗaya da sakatare ɗaya ba, don aikin ya fi ƙarfinsa ko da waliyyi ne.

Amma ku tuna da Enron. Kampanin makamashi ne na Amurka da ya rushe a Disamba 2001 bayan shekaru yana ɓoye bashi. Mai binciken lissafinsa Arthur Andersen ne, ɗaya daga cikin manyan kabine biyar na duniya a lokacin, mai ma'aikata fiye da dubu 80. A shekarar 2000 kaɗai Enron ta biya shi dalar Amurka miliyon 52, kuma fiye da rabin kuɗin nan na ba da shawara ne, ba na bincike ba. Ofishin Andersen na Houston ya zama kamar ɗan gida. Da abin ya fashe, kabinen ya bi kampanin kabari, shi ya sa yau ake cewa manya huɗu: Deloitte, PwC, EY da KPMG. Shekaru kusan ashirin bayan nan, a Yuni 2020, Wirecard ta Jamus ta amsa cewa Yuro miliyar 1,9 da ke rubuce cikin lissafinta, wai suna ajiye a bankunan Filifin, babu su. EY ce ke sa hannu bisa lissafin nan shekara da shekaru. Abin da ɗalibin shekarar farko ke koya, ka tambayi banki da kanka nawa ke cikin asusu, shi ne ba a yi yadda ya kamata ba.

Abin da na ɗauka daga labaran nan biyu shi ne, girman da ya kamata mu auna ba na allon da ke bakin ƙofa ba ne. Girman abokin hulɗa ne a cikin aljihun mai binciken. In kampani ɗaya ne ke biyan hayar biro da albashin yara, to mai binciken nan ƙarami ne a gaban kampanin, ko da sunansa na cikin harsuna goma. Shi ma allon yana canzawa: a 2025 PwC ta raba gari da ofisoshinta na ƙasashe tara na Afirka, har da Kodibuwa, Senegal da Kamaru. Mutanen da ke cikin ofisoshin ba su manta da aikinsu a daren nan ba, kuma ba su ƙara ilimi ba. Suna ne ya tashi.

Yanzu bari in zo gida, don a nan ne maganar ta fi yi mini zafi.

Mafi yawan manyan kasuwancinmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa na gida ne. Alhaji ne mai shi, shi ne darakta, shi ne mai kes, wayarsa ita ce biro. Kuɗin kamiyon shinkafa da kuɗin sunan jika da kujerar Makka ta gwaggo duk aljihu ɗaya suke fitowa. Ban ce wannan rashin gaskiya ba ne. Da yawa daga cikin mutanen nan sun fi masu karabat riƙon amana, kalmarsu ta fi takardar noter. Sai dai ka kawo kabine mafi girma a duniya ka sa shi gaban wannan aljihu, mi zai bincika? Mai bincike ba ya ƙirƙiro lissafi, abin da aka rubuta yake bi. In ba a rubuta ba, ko dai ya ƙi sa hannu, ko ya sa hannu bisa abin da bai gani ba.

Kuma kowa ya san zancen bilan uku, kar mu yi kamar ba mu sani ba. Ɗaya na ma'aikatar lanho, wanda ke nuna kasuwa ta mutu, sai addu'a. Ɗaya na banki, wanda ke nuna riba kamar ruwan Agusta. Na ukun, na gaskiya, yana cikin wani kaye mai bangon leda a ƙarƙashin katifa, ko a cikin kan Alhaji. Ma'aikacin banki da ya maido ma ɗan'uwanmu na Tasawa dosiyensa ya san da bilan ukun nan. Da ya ce yana son sa hannun da ya sani, abin da yake nufi shi ne yana son wanda zai ce mishi wannan na ukun ne.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi irin kayan da muke juyawa. Ɗauki albasar Galmi. Buhu dubu da aka zuba a rumbu bayan girbi ba buhu dubu ba ne bayan wata huɗu, wani ya ruɓe, wani ya tsiro, sauran sun sha iska sun rage nauyi. Wake yana da ƙwaro. Ƙa'idar lissafi ta ce a ƙidaya kaya ƙarshen shekara, in darajarsu ta faɗi a rage ta cikin bilan. Wa zai ƙidaya? Daga Yamai zuwa Maraɗi sama da kilomita 600 ne, Damagaram ta fi haka nisa. Babban kabine zai turo yara biyu da suka gama makaranta bara, su kwana biyu a otel, a kai su mangazar da aka ga dama, su ƙirga layin gaba su ninka. Ba su san cewa buhun da ke tsakiya yana iya zama ƙaiƙayi ba. Ɗan ƙaramin kabinen da ya tashi a garin, wanda ubansa ma awo yake, zai zura hannu cikin buhu ya shinshina.

Ga naira. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke sayarwa Katsina da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya rabin kuɗinsa da naira suke dawowa. Sefa tana ɗaure da Yuro, 655,957 ba ta motsi, naira kuwa kun ga abin da ta yi tun tsakiyar 2023. Wanda ke bin bashin naira miliyon goma tun kafin faɗuwar, ya bar shi cikin littafi da tsohon canji, bilan ɗinsa yana nuna dukiyar da ta riga ta narke. Da wane canji za a rubuta, na banki ko na ƴan canjin bakin kasuwa da shi aka yi cinikin da gaske? Wannan tambaya ce da mai binciken da bai taɓa tsayawa wurin ƴan canji ba ba zai ma yi tunaninta ba.

Sai bashin baki, wanda shi ne jinin kasuwarmu. Kaya sun tafi ƙauye bisa amana, ba takarda, za a biya bayan kaka. Wani za ya biya. Wani ya rasu, wani ya tafi Libiya shekara uku ba labari. A littafi duka suna nan a matsayin kuɗin da za su shigo, don Alhaji ba ya son a ce ya yafe, kuma kunya ba ta barinsa ya ce wane ba zai biya ba. Aikin mai bincike ne ya ce a ware waɗannan, a rage su daga riba. Ranar da ya faɗi haka, ribar shekara tana iya komawa rabi.

A nan ne kuma ƙaramin kabine ke da tasa matsalar, kar ku ce na zo tallarsu. Wanda ya san buhu ya san mai buhun. Tare suke sallar Juma'a, matansu suna biki ɗaya, wataƙila Alhajin ne ya biya mishi kuɗin makaranta a Dakar ko Abijan. Yaya za ya dube shi ya ce Baba, wannan lissafin ban yarda da shi ba? Dokar OHADA ta hana dangin shugabannin SA, har zuwa ɗan wan uba da ɗan ƙanen uwa, zama masu binciken kampanin, ta kuma hana wanda kampanin ke biya albashi don wani aiki. Amma doka ba ta san ubangida ba, ba ta san maƙwabci ba, ba ta san wanda ya yi maka waliyyi ranar aure ba. Kuma in kabinen abokan hulɗa biyar gare shi, Alhaji shi ne uku daga ciki, to mun koma Houston, sai dai da rawani.

Na ga ƙarshen irin wannan a cikin danginmu. Wani kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara talatin yana kasuwar hatsi, kowa na ce mishi mai kuɗi, kuma kowace shekara akwai wanda ke buga mishi tampo bisa takardu. Da ya rasu aka zauna rabon gado, malamai suka ce a kawo lissafi. Takardun suka nuna mangaza uku cike da kaya da bashin da yake bi na miliyoyi. Da aka buɗe, mangaza ɗaya kayan wani ne ya ba shi ajiya. Masu bashin da aka je wurinsu, wasu suka ce sun biya shi hannu da hannu, kuma ba mai iya ƙaryata su. Waɗanda ke binsa kuwa suka zo da shaidu. Abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da marayu suka sa rai ba, kuma har yau akwai ɗakuna biyu a gidan da ba sa gaisawa, kowane yana zargin ɗayan ya ɓoye wani abu. Ba wanda ya ɓoye komi. Mai tampon ne bai taɓa ce ma kawu a'a ba, shi kuwa kawu ya ɗauka kyautatawa ce ake yi mishi.

Shi ya sa nake ganin tambayar babba ko ƙarami ta zo a baya. Abin da zan fara tambaya game da kowane mai bincike: sunansa yana cikin jerin ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun masu lissafi ta ƙasa? Don akwai masu yawo da tampo a jaka waɗanda ba kowa ba ne. Sannan, ya taɓa ƙin sa hannu? Mutane da yawa ba su san cewa rahoton mai bincike ba iri ɗaya ba ne. Yana iya cewa lissafi daidai yake. Yana iya cewa daidai yake amma ban da kaza da kaza, abin da ake kira réserve. Yana iya ƙi gaba ɗaya. Doka ta ba shi ikon tada ƙararrawa in ya ga kampani na shirin nutsewa, ta kuma wajabta mishi sanar da mai gabatar da ƙara in ya ci karo da laifi. Kabinen da ya shekara goma yana aiki a kasuwa irin tamu, da bashin bakinta da nairarta da albasarta, bai taɓa rubuta réserve ko ɗaya ba, ni dai ba zan kira shi mai sa'a ba.

Wannan magana ba ta masu mangaza kaɗai ba ce. Ke da ke zuba jikka biyu kowane mako a asusun ajiya na unguwa, kai da ke cikin koperatif ta manoma, kuɗinku ne ke cikin bilan ɗin. Bankuna suna ƙarƙashin Commission Bancaire da ke Abijan, kuma sai ta amince da mai binciken da banki ta zaɓa. Manyan asusun bada ƙananan bashi, waɗanda ajiyarsu ko bashin da suka bayar ya kai miliyar 2, su ma idon BCEAO yana kansu kai tsaye. Ƙananan fa, na garuruwanmu, waɗanda suka fi kusa da talaka? Nan ido ya fi nisa, kuma mun sha ganin mata tsaye bakin ƙofar asusun da aka garƙame, da karne a hannu. Ranar babban taron shekara, maimakon a tsaya ga lemu da sanwic, wani ya miƙe ya ce a karanta mana rahoton mai bincike da Hausa, a gaya mana wa ya zaɓe shi, shekara nawa yana nan, kuma shi ne ke riƙe littafin ko wani ne daban. In shugabanni suka fusata da tambayar, kun samu rabin amsa.

Ina da ƙorafi ɗaya ga bankunanmu su ma. Neman sunan kabine sananne hanya ce mai sauƙi ta kare kai: in bashi ya lalace, ma'aikaci ya ce ai wane ne ya sa hannu. Amma kuɗin babban kabine ya fi ƙarfin mai cinikin miliyon 80 ko 100, kuma doka ma ba ta ɗora mishi mai bincike ba. Tura shi can kamar ka ce ma mai ciwon kai sai ya je Tunis. Akwai cibiyoyin da ake kira centre de gestion agréé, waɗanda aka kafa don su taimaka ma ƙanana da matsakaitan ƴan kasuwa su riƙe lissafi na ƙa'ida. Da bankuna sun ɗauki aikin cibiyoyin nan da na ƙananan kabine masu rajista da muhimmanci, suna bin tarihin kowane, wa bilan ɗinsa ke fitowa gaskiya wa nasa ke zubewa, da sun san wa za su yarda da shi ba tare da duban girman allo ba.

To, ɗan'uwana na Tasawa, ga amsar da ban samu ba ka ba ran nan. A'a, sa hannun babban kabine ba zai sa banki ta ba ka kuɗi ba, in ma sun karɓi aikin. In kabinen kirki ne, abin da za su fara tambayarka shi ne takardun da ba ka da su, ka biya kuɗi ka dawo da réserve shafi biyu. Abin da zai yi maka amfani ya fi wannan arha, sai dai ya fi shi wuya. Ka buɗe asusun banki na kasuwa daban da na gida, kuɗin cefane ya zan albashin da kake biyan kanka kowane wata. Duk buhun da ya shiga ko ya fita a rubuta, da kwanan wata. Bashin baki a mai da shi na takarda, ko da saƙon waya ne mutum ya amsa. Ka samu mai lissafi mai rajista tun Janairu, ba cikin Afrilu ba lokacin da wa'adin wata huɗu na haɗa bilan ke ƙarewa kowa yana gudu. Ranar 31 ga Disamba ka kai shi mangaza da kanka, ka bar shi ya zaɓi buhun da za a kwance. In ya ce maka wake buhu arba'in sun lalace a rage su, kar ka canza shi. Shekara biyu a haka, takardar motsin asusunka da bilan ɗinka za su faɗi magana ɗaya, kuma wannan ma'aikacin banki yana iya dubawa da kansa.

Ina neman wani expert-comptable da zai yarda ya zo studiyo mu yi awa guda da Hausa, ya amsa kiran masu saurare kai tsaye. Biyu da na tuntuɓa sun ce sai sun yi shawara. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, musamman ku ƴan koperatif da masu ajiya a ƙananan asusu, zan tattara su in tafi da su.